Shirin Shiga Gasar Kacici-Kacici ta Talabijin

Gabatarwa

Sunan da Hausa ta bai wa gasar tambaya da amsa da ake yi a rediyo da talabijin aro ne daga adabin baka, watau kacici-kacici. Aron ya yi daidai ta wata fuska, domin kuwa a duka biyun akwai mai tambaya, akwai mai amsawa, akwai kuma masu sauraro da ke jiran su ga wanda zai kasa. To, amma ɗalibin Hausa ya san akwai bambanci mai girma a tsakaninsu. A kacici-kacicin gargajiya amsar tana cikin gida, kowa ya san ta, tambayar ce aka lulluɓe. In an ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," babu wanda bai san tsintsiya ba, wahalar dai ita ce gane ta cikin rigar da aka sa mata. Sa'an nan babu agogo. Wanda ya kasa sai ya ba da gari, a faɗa masa amsa, a ci gaba da hira. A gasar talabijin kuwa tambayar a fili take, amsar ce ke nesa, kuma sau da yawa 'yan daƙiƙoƙi kawai ake bai wa mutum ya je ya ɗauko ta, ga fitilu sun haske shi, ga jama'a sun zuba masa ido.

Wannan maƙala za ta dubi yadda ɗalibi zai shirya wa irin wannan gasa. Abin da take son nunawa shi ne, tara sani rabin aikin ne kawai. Ɗaya rabin, wanda aka fi yin sakaci da shi, shi ne horar da kai a kan fito da abin da aka sani a lokacin da aka neme shi. Mai karatu ya sha ganin wanda aka yi wa tambaya ya yi shiru yana ta murza goshi, da aka faɗi amsar sai ya dafe kai ya ce ai ya san ta. Gaskiya ya faɗa, ya san ta ɗin, amma ba a ba da maki a kan sanin da ya tsaya a maƙogwaro.

Kowace gasa da halinta

Kafin a buɗe littafi ko guda, wajibi ne a san irin gasar da za a shiga, domin ba abu ɗaya suke aunawa ba. Ɗauki shirin Who Wants to Be a Millionaire? wanda aka fara a Ingila a 1998, ya iso Nijeriya a 2004 da Frank Edoho a matsayin mai gabatarwa, aka dakatar da shi a 2017, sa'an nan ya dawo a 2022. A tsarinsa na asali tambayoyi 15 ne, kowace da amsoshi huɗu a zaɓi ɗaya, kuma da zarar mutum ya hau kujera ba a ƙayyade masa lokaci. A nan amsar tana gabanka a rubuce, aikinka ka gane ta, kuma abin da ke matsa maka shi ne kuɗin da za ka rasa in ka kuskure. University Challenge kuwa, wadda aka fara a Ingila a 1962, ɗalibai huɗu ne daga kowace jami'a, babu zaɓi a rubuce, kuma wanda ya riga danna ƙararrawa shi ke amsawa. An yarda ka katse mai tambaya tun bai gama ba, amma in ka katse shi ka kuma kuskure, za a zare wa ƙungiyarku maki 5. A Ghana akwai gasar kimiyya da lissafi ta makarantun sakandare da aka fara a 1993, wadda ɗaya daga cikin zagayenta ya fi kowanne kusa da kacici-kacicinmu na gargajiya: ana karanto siffofin abu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya gane shi tun a siffar farko ya fi samun maki a kan wanda ya jira ta uku.

Ke nan mai shirin hawa kujerar farko yana bukatar faɗin sani da sanyin zuciya, mai shirin ta biyu yana bukatar sauri da kunne, mai shirin ta uku kuma yana bukatar zurfi a fanni ɗaya. Wanda ya yi shirin wata ya tafi wata, ya yi aikin baban giwa.

Bayan sanin dokoki sai sanin ɗabi'ar masu rubuta tambayoyin, domin su ma mutane ne, suna da wuraren da suka saba komawa. Wani Ba'amurke mai suna Roger Craig, wanda ya shiga gasar Jeopardy! a 2010 yana ɗalibin ilmin kwamfuta, ya tattara tsofaffin tambayoyin shirin sama da 200,000, ya sa na'ura ta rarraba su fanni-fanni, ya gano waɗanda ke yawan dawowa da waɗanda shi kansa yake da rauni a cikinsu, ya fuskanci karatunsa can. Ya ci dala 77,000 a rana ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba a shirin kafin lokacin. Ɗalibinmu ba ya bukatar na'ura don ya kwaikwayi wannan dabara. Littafin rubutu ɗaya da tsofaffin shirye-shirye goma ko goma sha biyar, waɗanda galibi ana samunsu a YouTube, sun isa. A rubuta kowace tambaya, a sa mata alamar fanninta, a kuma sa alama ko an san amsar ko ba a sani ba. Kafin a cika shafi ashirin, littafin da kansa zai faɗi inda ya kamata a fara.

Abin da za a karanta

A nan ne ɗaliban jami'a suka fi yin ɓatan kai, domin an horar da mu mu zurfafa, gasa kuwa faɗi take so. Wanda ya yi wata guda yana nazarin dalilan jihadin 1804 ba lalle ne ya fi wanda ya riƙe shekarar da sunayen masu tuta samun maki ba. James Holzhauer, wanda ya ci wasanni 32 a jere a Jeopardy! a 2019, ya bayyana cewa sashen littattafan yara na laburare ya fi yi masa amfani, saboda a can ake kawo jigon kowane fanni a taƙaice, da hotuna, ba tare da dogon sharhi ba. Babu abin kunya ga ɗalibin aji uku na jami'a ya ari littafin labarin ƙasa ko na kimiyya na ƙaninsa ɗan sakandare. A gani na ma, taswirar Afirka da ta duniya a manne a bangon ɗaki sun fi kundin tambayoyi dubu da ake sayarwa a bakin tasha, wanda ba a san wanda ya rubuta shi ba balle wanda ya duba shi.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a fara kafa turaku, sa'an nan a riƙa ɗaure sababbin abubuwa a jikinsu. Alal misali, wanda ya riƙe cewa jihohin Nijeriya sun zama 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sa'an nan 36 a 1996, ya sami turaku biyar. In aka tambaye shi shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, ba zai yi ta lalube a cikin shekaru talatin ba, zaɓinsa biyar ne, kuma da ya tuna cewa ita da Akwa Ibom kaɗai aka yi tare, ya san 1987 ce. Haka Jigawa da Kebbi da Yobe za su rataya a 1991, shekarar da aka mayar da babban birni Abuja, Zamfara da Gombe da Nasarawa kuma a 1996. A fanninmu ma haka ne: gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933 turke ce, fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 turke ce, kuma sunan Abubakar Imam ya ɗaure su biyun. Abin da aka haddace shi kaɗai, ba a jingina shi da kome ba, shi ne farkon guduwa.

Wani abin lura kuma shi ne amsa tana tsufa. Littafin da aka buga kafin 2011 zai ce Sudan ce ƙasa mafi girma a Afirka, alhali tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a shekarar, Aljeriya ce. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da aka kafa a 1963 ta zama Tarayyar Afirka a 2002. Swaziland ta koma Eswatini a 2018. Masana taurari sun cire Pluto daga jerin manyan duniyoyi a 2006, suka rage takwas. Ko taken Nijeriya, wanda aka sauya a 1978, an komo da tsohon a 2024. Masu rubuta tambayoyi suna son irin waɗannan wurare ƙwarai, domin sun san nan ne mai tsohon littafi zai zame. Don haka duk littafin da aka ɗauka a fara duba shekarar bugunsa, kuma a lazimci sauraron labarai kullum a watannin shirin.

Hadda da tishi

Mun zo kan jigon maganar. Yawancinmu in za mu yi jarrabawa sai mu yi ta maimaita karanta shafi ɗaya har idonmu ya saba da shi, sai mu ɗauka mun sani. Sabon ido da shafi daban, iya fito da abin da ke cikinsa daban. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun bai wa ɗalibai wani ɗan rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuma suka karanta sau ɗaya aka karɓe takardar, aka sa su yi ta rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka sake gwada su bayan mako guda sai labari ya sha bamban: masu maimaita karatu sun tuna kashi 40 cikin 100, waɗanda suka wahalar da kansu da tunowa kuwa kashi 61. Watau wahalar da ƙwaƙwalwa ke sha wajen lalubo abu ita ce ke kafa shi.

Wanda ya taɓa zama a makarantar allo ba zai yi mamakin wannan ba. Ba a yarda yaro ya wanke allonsa don kawai ya daɗe yana kallonsa. Sai ya biya ba tare da dubawa ba, sa'an nan a yi masa ƙari. Kuma ƙarin ba ya hana tishi, watau komawa kan karatun baya a kai a kai, don kada na gaba ya kori na baya. Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus, wanda ya buga sakamakon bincikensa a kan mantuwa a 1885, ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum zai manta yana zubewa ne a sa'o'i da kwanakin farko, kuma maimaitawa a rarrabe cikin kwanaki ta fi maimaitawa a dunƙule a zama ɗaya. Malaman tsangaya ba su jira shi ba.

Yadda mai shirin gasa zai yi amfani da wannan kuwa, ga wata hanya da wani Bajamushen, Sebastian Leitner, ya bayyana a 1972. A yanka kwali ƙanana-ƙanana, a rubuta tambaya a gaba, amsa a baya. A tanadi akwatuna, ko ambulan, kamar guda huɗu ko biyar. Duk katin da aka amsa daidai ya matsa akwati na gaba, wanda aka kasa kuma ya koma na farko ko da ya kai na ƙarshe. Akwatin farko a duba shi kullum, na biyu bayan kwana biyu ko uku, na uku mako-mako, haka dai tazarar ke ƙaruwa. Amfanin wannan shi ne lokacin mutum yana tafiya ne kan abin da ke ba shi wuya, ba kan abin da yake jin daɗin maimaitawa don ya riga ya iya ba. Akwai manhajojin waya da ke yin wannan aiki, amma kwalin ba ya bukatar caji.

Sharaɗi ɗaya ne: a faɗi amsar da baki, da ƙarfi, kafin a juya katin. Wanda ya ce a ransa "ai na sani" ya juya, yaudarar kansa yake yi. In da hali a sami abokin ɗaki ya riƙa karanto tambayoyin yana riƙe da agogo, mai shirin kuma yana tsaye ko yana zaune yadda zai kasance ranar gasa, da alƙalami a hannu a maimakon ƙararrawa.

Sauraron tambaya

Wannan shi ne fagen da ɗalibin harshe ya kamata ya fi kowa, kuma ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Tambaya jimla ce, tana da gini, kuma ginin nan yana tona asirin amsa tun ba a kai ƙarshe ba. A Hausa kalmar tambaya ce kan zo a farko: wane, wace, waɗanne, ina, yaushe, ko kuma nawa bayan abin da ake ƙirgawa. Da an furta ta, mai sauraro ya san ɗakin da zai shiga, ko na mutane, ko na wurare, ko na shekaru. Har ila yau Hausa tana yi wa ɗan gasa wata kyauta da Ingilishi ba ya yi, ita ce jinsi. In aka ce, "Wace ce ta fara…" an riga an zubar da dukan maza kafin a faɗi kalma ta biyar, kuma in jimlar ta ci gaba da "zama zaɓaɓɓiyar shugabar ƙasa a Afirka," mai kunne ya isa Laberiya, ya isa ga Ellen Johnson Sirleaf da zaɓen 2005, tun mai tambaya bai rufe baki ba. A Ingilishi kalma ɗaya ce ke tambayar namiji da mace, sai an jira.

Amma saurin nan yana da tarko, kuma ƙananan kalmomi ne ke ɗana shi: farko, ƙarshe, kafin, bayan, ban da, da kuma "ba" ta korewa. Ɗauki tambayar shugaban Nijeriya na farko. In firayim minista ake nufi, Abubakar Tafawa Ɓalewa ne. In shugaban ƙasa ake nufi bayan zama jamhuriya a 1963, Nnamdi Azikiwe ne. In kuwa an ƙara "mai cikakken iko," an tsallaka zuwa 1979 ga Shehu Shagari. Kalmomi uku a ƙarshen jimla sun sauya amsa. Haka wanda ya ji "babban birnin Nijar" ya danna ƙararrawa ya ce Yamai, alhali sauran jimlar "kafin 1926" ne, ya bar Damagaram ga abokan hamayya, ya kuma yi asarar maki. Saboda haka horon da ake bukata shi ne gane gaɓar da tambaya ta rufe, watau inda ba sauran amsa sai ɗaya. Kafin wannan gaɓa danna ƙararrawa caca ce, bayanta kuma jira ɓata lokaci ne. Ana koyon gane ta ne ta hanyar sauraron tsofaffin shirye-shirye, a riƙa tsayar da hoton a tsakiyar tambaya, a yi hasashen yadda za ta ƙare.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanci wanda Hausa ce harshen tunaninsa, gasar kuwa da Ingilishi ake yi, kamar yadda akasarin manyan gasannin ƙasar nan suke. In ya ji tambaya ya juya ta Hausa a ransa, ya nemo amsa, ya sake juya ta Ingilishi, daƙiƙoƙin da aka ba shi sun ƙare a hanya. Maganinta shi ne a rubuta katunan, a kuma yi dukan gwajin, da harshen da za a yi gasar. Sunaye ma sai an kula, domin wanda ya san Masar da Habasha da Bahar Maliya da Birnin Ƙudus da waɗannan sunaye kaɗai zai iya jin sunayensu na Ingilishi ya tsaya yana tunani, ko ya san amsa ya rasa yadda zai faɗe ta. Lambobi kuma sun fi kome haɗari. A Hausa babu mai rikita sha uku da talatin, amma a Ingilishi 13 da 30, ko 15 da 50, sautinsu ya yi kusa ƙwarai, musamman a bakin mai sauri. In dokar gasa ta yarda a nemi maimaici, a nema, ba gazawa ba ce.

Kasada da neman agaji

A gasar da ake hawa matakalar kuɗi, sanin lokacin tsayawa yana cikin shiri, kuma a gida ake yanke shi. A tsarin Ingila na asali akwai matsaya biyu da ba a faɗuwa ƙasa da su, fam 1,000 a tambaya ta 5 da fam 32,000 a ta 10. Ke nan wanda ke fuskantar tambaya ta 11 ba shi da abin rasawa, ko bai san kome ba ya kamata ya yi canke. Wanda ke riƙe da fam 500,000 a gaban tambaya ta 15 kuwa, in ya ci ya ƙara 500,000, in ya faɗi ya rasa 468,000. A lissafin takarda, in amsoshi biyu suka rage masa, cankar ta ɗan fi tsayawa riba. Amma lissafin takarda bai san cewa rabin miliyan na farko shi ne gida da kuɗin makarantar ƙanne ba, na biyun kuwa ƙari ne a kan wadata. Shi ya sa ya kamata mutum ya zauna tun kafin ranar, ya tsai da adadin da in ya kai ba zai sake yin kasada ba sai da yaƙini, domin a kan kujerar, ga tafi ga kiɗa, ba a yin tunani mai kyau.

Hanyoyin agaji uku da shirin ya shahara da su, watau cire amsoshi biyu marasa kyau, tambayar 'yan kallo, da kiran aboki ta waya, su ma kowace da wurinta. Marubucin nan James Surowiecki ya kawo a littafinsa na 2004 cewa a shirin na Amurka 'yan kallo sun dace da amsa kimanin kashi 91 cikin 100, abokan da aka kira kuwa kimanin kashi 65. Sai dai a yi hattara da wannan ƙididdiga, domin galibi a tambayoyin farko masu sauƙi ake tambayar 'yan kallo. Taron jama'a ya san wasanni da fina-finai da abin da ke yawo a gari. In tambaya ta kai ga shekarar wata tsohuwar yarjejeniya, hasashe kawai za su yi kamar kowa, kuma wanda ya riga ya faɗi abin da yake zato da ƙarfi kafin ya tambaye su, zatonsa za su mayar masa.

Abokin waya kuwa daƙiƙa 30 kawai ake bayarwa, har da karanta masa tambayar. Bahaushe in ya kira malaminsa ko yayansa, ladabi zai sa ya fara da sallama da tambayar gajiya da iyali, kuma kafin a kai ga "sai alheri" rabin lokacin ya tafi. A sanar da wanda za a kira tun da wuri cewa ranar babu gaisuwa, a kuma gwada da shi sau da yawa da agogo: a karanta tambaya a taƙaice, a karanta amsoshi huɗu, shi kuma ya faɗi zaɓinsa tare da gwargwadon tabbacinsa, ko ya ce bai sani ba kai tsaye. A zaɓe shi don fannin da mai gasa yake da rauni a cikinsa, kamar yadda littafin rubutun nan na farko ya nuna, ko da kuwa ƙanwa ce 'yar aji biyar da ta fi kowa a gidan sanin ilmin halittu.